Rakiyar Mama Edna

Litinin, 6 ga Oktoba, da yamma

Yau na yi wa Mama Edna alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Bari in rubuta tun da zafinsa, ko na gane inda bakina ya riga kaina.

Muna zaune a barandar bayan gidan 'yarta Debbie a Takoma Park, ina yanke mata farce. Sai ta ce, "Yarinya, za ni Landan in yi sallama da majalisa. Za ki raka ni." Ko ɗago kai ban yi ba na ce, "To, Mama, ai dole in raka ki." A gida haka ake amsa wa tsohuwa, in ya so daga baya a san yadda za a yi. Ashe Debbie tana tsaye a bakin ƙofa. Ta tambaye ni me muka ce, ni kuma uwar gaskiya na fassara mata. Ta rungume ni har da hawaye, ta shige ɗaki ta ɗauko kalanda. Bature in ka ce masa to, an gama.

Ni kuwa ba zan iya fita daga ƙasar nan ba. Maganar neman mafakarmu ni da 'yata Abby tana gaban hukuma shekaru ke nan, kuma lauyanmu Barista Martins ya gaya mini tun ranar farko: duk ranar da na hau jirgi na fita, za a ɗauka na janye da kaina. Abby a cikin takardata take. In tawa ta faɗi, tata ta bi.

Ban faɗa wa kowa ba a gidan can.

Talata, 7 ga Oktoba, da safe, a cikin jirgin ƙasa na Metro

Jiya na manta ban rubuta ko wace ce ba, ina ta Mama, Mama, kamar ita ta haife ni. Baturiyar Ingila ce, ta haura tamanin. Sarautarta Baroness. Shekara talatin tana majalisar dattawan ƙasarsu a ɓangaren masu ra'ayin riƙau. Ta zo ganin Debbie a watan Agusta, ɓarin jikinta ya shanye, aka kawo ta asibitin da nake aikin nas. Da ta farfaɗo, Turancin ya tsere ya bar ta da Hausa. Ina wucewa ta ƙofar ɗakinta na ji wata murya tana cewa, "Ku ba ni ruwa, mutanen banza." Na leƙa ina neman baƙar fata, na tarar da farar tsohuwa tana harara ta.

A Bukuru aka haife ta. Ubanta injiniyan haƙar kuza ne, wata Bahaushiya Sailuba ta rene ta har ta shekara takwas. Ƙauyenmu ba nisa da wajen. A ramukan da ubanta ya haƙa muka koyi iyo, kuma ramukan sun ci yaran garinmu ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ban gaya mata wannan ba.

Da aka sallame ta, Debbie ta roƙe ni in riƙa zuwa gida a ranakun da ba ni da shif. Hausar Mama ta 'yar shekara takwas ce, amma izzar ta mai sarauta ce. Kawo, ɗauke, zo nan, ba haka ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, da rana

Debbie ta tambayi fasfona, za ta fara nema mini biza. Na ce zan duba inda na ajiye. Na kira Martins, na bar masa saƙo.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da yamma

Turancin yana dawowa, amma da sharaɗi. Matar da ke koya mata magana ce ta gano dabarar. Sai Mama ta fara faɗa mini jimla da Hausa, ta kama wuyan hannuna, ta riƙa bugawa da yatsa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, sannan Turancin ya fito kalma kalma. Da Debbie aka gwada, bai yi ba. Da malamar kanta aka gwada, bai yi ba. Sai hannuna, ni Constance Dung, 'yar bakin ramin kuza. Allah mai iko.

A majalisarsu, wanda zai ajiye kujera ana ba shi dama ya tashi ya yi jawabin bankwana, kuma ba a katse shi. An tsayar mata da rana a tsakiyar Nuwamba. Debbie ta ce a rubuta mata kawai ta karanta. Da na fassara, sai da tsohuwar nan ta kusa jifan ta da kofi. Ta ce tun da ta shiga zauren nan ba ta taɓa karanta jawabi daga takarda ba, ba kuma za ta fara ranar fita ba.

Na tambaye ta yadda aka yi ta shiga. Ta ce daga kansila ta fara, a wani ƙaramin gari mai kasuwar tumaki. Sau biyu ta nemi kujerar majalisar wakilai, sau biyu aka kayar da ita. "Mutane ba su so na," in ji ta, ko a jikinta. Sai jam'iyya ta ga bakin nan bai kamata ya zauna a gida ba, aka naɗa ta majalisar sama, inda ba ruwan kowa da ƙuri'ar talaka. Na ce, "Mama, ashe ta taga kika shiga." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan coci

Na je, na zauna, na tashi tare da mutane. Ko a bakin bindiga ba zan iya faɗin a kan me aka yi wa'azi ba.

Talata, 14 ga Oktoba, da rana

Martins ya kira ina cikin cunkoson motoci a titin Beltway. Ban gama bayani ba ya ce, "Sister, ko Kanada ban yarda ki leƙa ba." Na ce ai na ji akwai izinin da ake nema. Ya ce akwai, amma kafin ya fito tsohuwar ta yi bankwana ta dawo ta sake yin wani, kuma a wannan zamani ko ya fito shi ba zai sa hannu in tafi ba. Ya ce, "Ki tuna abin da ya sa kuka zo." Na ce na tuna. Kamar akwai ranar da nake mantawa.

Debbie ta sake tambayar fasfo. Na ce yana cikin kayan da muka ɗaure tun da muka koma unguwar Greenbelt.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

Malamar magana ta ce mu riƙa kunna mata tsofaffin jawabanta, ta riƙa bin muryarta ta dā. Debbie ta tara su a kwamfuta. Yawanci kan haraji ne da makarantu da wata doguwar rigima kan gonaki, ni dai ina gyangyaɗi. Amma na ga abin da ya sa ake tsoron ta. Ta tsaya a gaban jajayen bencinan nan da jaka a hannu, ba ta ɗaga murya, ba ta murmushi, sai ta yanka mutum ya zauna bai san jini na zuba ba.

Yau muka iso kan wanda ta fi alfahari da shi. Lokacin tana shugabar wani kwamiti kan baƙi masu shigowa ƙasarsu. Tana cewa wanda ya zo neman mafaka, sannan ya ɗauki jaka ya fita yawo da ƙafarsa, ya nuna ba ya bukatar mafakar, a rufe ƙofa a bayansa. Ta ce tausayi daban, doka daban, kuma ƙasar da ta haɗa su za ta rasa duka biyun.

Mama ta ce a tsayar, a mayar baya. Ta kama wuyan hannuna ta fara bugawa. Jimlar nan ta fito mata da Turanci tas, ba gargada ko ɗaya, karo na farko tun da ta kwanta. Debbie ta yi tafi. Mama ta ce a sake. Muka sake. Muka kuma sakewa. Hannuna yana cikin nata duk tsawon lokacin.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar in fizge hannuna in ce mata, ke kin taɓa kwana a gonar masara da jaririya kina toshe mata baki? Ban ce ba. Na ce, "Mama, yau kin yi ƙoƙari." Na je kicin na dama mata kunun gyaɗa, na sa sukari ya yi yawa, ta sha tana mita.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Ganye ya rufe motata. Ban faɗa wa Mama da Debbie cewa ba ni zuwa ba tukuna.

Talata, 21 ga Oktoba, da yamma

Na kai mata gwaten acca daga gida. Ta ci cokali uku ta ce ba haka Sailuba take yi ba. Na ce Sailuba Bahaushiya ce, ina ta san gwate, wannan abincinmu ne na kan dutse. Ta ce bakina ya yi yawa. Ta cinye kwanon.

Tana cikin ci ta fara yi mini tambayoyi. Yaushe rabona da gida? Na ce an daɗe. Uwata tana da rai? Na ce ta rasu bara waccan. Na je jana'iza? Na ce aiki bai bar ni ba. Uban Abby fa? Na tashi na ɗauke kwanon. Ta bi ni da ido har kicin, irin kallon da na gani a bidiyo tana yi wa wani minista.

Da na dawo ba ta sake tambaya ba. Sai ta ba ni labarin ranar da aka tura ta makaranta Ingila. Sailuba ta rako ta tashar jirgin ƙasa ta Bukuru, ɗauke da akwatinta a ka. Da jirgi ya yi kuka, Sailuba ta durƙusa ta ce mata, "Ladi, ki ce in koma. Mai tafiya ne ke sallamar wanda ya rako shi. In ba ki ce ba, ƙafata ba za ta juya ba." Ladi take kiran ta, don ran Lahadi aka haife ta. Ita kuwa ta riƙe bakin zanen Sailuba ta ƙi cewa komai, a ganinta in ta ƙi, dole a shiga jirgin da ita. Sai da ubanta ya ɓamɓare yatsunta.

Na ce, "Daga baya kin sake ganin ta?"

Ta ce, "A'a. Tana nan tsaye."

Ta ce in kunna mata jawabin gonaki.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Jiya na fito da fasfon. Ban san me nake nufi da hakan ba, na dai fito da shi na ajiye a kan teburin cin abinci ina kallo. Hoton ciki ma kamar ba ni ba, kumatu cike.

Abby ta gan shi da ta fito cin abincin safe. Yarinyar nan tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayar mini, kuma yau ta mayar da yawa. Ta ce ta ji duk abin da Martins ya faɗa, ita ba kurma ba ce. Ta ce saura mata shekara biyu ta gama sakandare, ba ta san kowa a can ba, ko hanyar gidanmu ba ta sani ba, in ma gidan yana nan. Ta ce ashe zan zaɓi wata tsohuwar Baturiya da ba ta ma son irinmu.

Na ce, "Abigail, da uwarki kike magana."

Ta ɗauki fasfon ta jefa cikin jakar makarantarta ta ja zif ta fita. Ban bi ta ba. Gaskiya sai na ji sanyi a raina da ya bar gidan.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da rana

Abby ba ta yi mini magana. Ta wanke kwanuka ba a sa ta ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Na faɗa wa Debbie. A wajen ajiye mota na tare ta, don kada Mama ta ji. Ban ba ta labarin komai ba, na dai ce in na fita ba zan dawo ba, kuma 'yata za ta biya.

Ta daɗe tana kallon makullin motarta. Ta ce me ya sa na ce to tun farko. Na ce a wajenmu ba a ce wa tsohuwa a'a a fuskarta. Ta ce a wajensu kuma ba a cewa to sai ana nufin to. Muka tsaya, kowa da gaskiyarsa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce ta yi haƙuri, ba ta sani ba, kuma ta san ra'ayin uwarta a kan irin wannan, ita kanta sun shekara biyu ba sa magana saboda shi.

Sannan ta roƙe ni abu guda. Ta ce in uwarta ta ji ba ni zuwa, za ta ce ta fasa, ta san halinta. In ta fasa kuwa, za ta zauna a kujerar barandar nan har ta mutu tana jin an kore ta ne ba ta yi sallama ba. Don haka kada in faɗa mata. In zo ranar tafiya da akwati kamar matafiyiya, mu je filin jirgi tare. In an tura kekenta an wuce wajen bincike, ita Debbie za ta san abin da za ta ce mata a cikin jirgi.

Wato in yi wa tsohuwa ƙarya da akwati a hannu. Na ce to. Wannan karon na san abin da nake cewa.

Da na dawo gida na ce wa Abby ba ni zuwa. Ta ce ta sani, fasfon yana cikin lokar da take ajiye littattafanta a makaranta.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da rana

Mama ta wuni tana shirya ni. Kada in sa takalmin asibiti. In nemo kwat mai kauri, sanyin Landan ba irin na nan ba ne, shiga ƙashi yake. Ba za a bar ni in zauna kusa da ita ba, akwai bene na baƙi a sama, can zan zauna a layin gaba inda za ta ɗaga ido ta gan ni. Kada in yi tafi, ba a tafi a zauren. Kada in yi guɗa. Na ce, "Mama, wa ya ce miki zan yi guɗa?" Ta ce ta san mu.

Ta ba ni labarin ranar da aka shigar da ita. An sa mata jar alkyabba mai farin gashi a wuya, ta aro ce, tana warin ajiya. Mutum biyu daga cikin 'yan majalisa suka sa ta a tsakiya, ɗaya gaba ɗaya baya, suka rako ta har gaban zauren ta yi rantsuwa. Haka al'adar take, ba mai shiga shi kaɗai. Ta ce duka biyun sun mutu. "Shiga da 'yan rakiya," in ji ta, "fita kuwa ba wanda ya tanadi kowa."

Na ce kwat ɗina na coci zai yi. Ƙarya tana ƙara sauƙi in an saba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da yamma

Mun fara gwada jawabin gaba ɗayansa. Ta sa an jawo mata kujera mai dogon baya ta dafa, ta tsaya da ƙafarta. Ta ce in hau matakalar bene in zauna, nan ne benen baƙi. Ba hannuna, sai fuskata. Ta fara da kyau, ta kai tsakiya ta maƙale. Bakinta yana motsi, ba abin da ke fita. Ta ɗago ta dube ni, ta faɗi jimlar da Hausa ƙasa-ƙasa, ta bubbuga bayan kujerar, Turancin ya zo.

Da muka huta ta ce in je kicin in duba tukunya. Na ce ban ɗora komai ba. Ta ce, "To je ki ɗora." Na tafi. Daga can ina jin ta ta sake ɗaukowa daga farko, ita kaɗai, tana yi wa matakalar da ba kowa jawabi. Ta maƙale, ta yi shiru mai tsawo har na kama hanyar fitowa. Sai na ji bugun yatsa a kan katako. Na koma na tsaya gaban murhun da ba wuta.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da rana

Yau ma ta kore ni kicin. Jiya ma haka.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da yamma

Na sauko da akwatin da muka zo da shi ƙasar nan. Ban taɓa buɗe shi ba tun ranar. Akwai jar ƙasa a cikin ƙafafunsa har yanzu. Na sa tsohon bargon Abby a ciki don kada ya yi ƙara. Abby ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ta ce in na ga dama in ɗauki jakarta ta wasanni, ba sai wannan ba. Na ce wannan ɗin zai yi.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da rana

Na dawo daga filin jirgin Dulles. Bari in rubuta kafin in kwanta.

Jirgin safe ne. Debbie ta tuƙa, ni da Mama a baya. Na sa kwat ɗin coci da takalmi mai tsini. Duk hanya tana riƙe da wuyan hannuna, ba ta buga ba, ta dai riƙe.

A filin jirgi aka kawo keken tura marasa lafiya. Debbie ta je ta ba da kayansu, ta dawo tana kauce wa idona. Na ja akwatina muka nufi wajen bincike, ina tafe gefen keken. Akwai wata igiya da aka ja, daga nan sai mai tikiti. Muna isa Mama ta ɗaga hannu, mai turawa ya tsaya.

Ta ce, "Ajiye akwatin nan, yarinya. Ba komai a ciki."

Na ce, "Mama."

Ta ce, "Akwatin da zai je Ingila da sanyin nan ba ya rawa a hannu haka. Tun ranar gwate na sani. Shekara nawa na yi ina yi wa mutane tambayoyin nan? Na san wanda aiki ya hana zuwa jana'izar uwarsa, na san wanda ba aiki ba ne."

Debbie tana ta tambaya me take cewa, me take cewa. Ba wanda ya fassara mata.

Na durƙusa a gaban keken, a tsakiyar mutane, da takalmi mai tsini. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ta ga abin yafewa ba, an ce wa tsohuwa to, ita ma ta san wannan, Debbie ce ba ta sani ba. Sannan ta ɗaure fuska ta ce, "Kada ki ɗauka na canza ra'ayi. Abin da na faɗa a majalisa, gobe ma zan faɗa. Doka ce mai kyau." Na ce na ji. Ta ce, "Shi ya sa na san abin da za ta yi miki. Kada ƙafarki ta wuce igiyar nan."

Ta saki hannuna. Sai da ta ɗan yi kokawa da yatsun, don na ɓarin da ya shanye ne, ba sa buɗewa da sauri. Ban taimaka mata ba, ita ma ba ta nema ba.

Ta ce, "Constance, rakiyar ta isa haka. Koma gida. Ki gai da Abby. Na gode."

Ba ta taɓa kiran sunana ba sai yau.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Mama. A sauka lafiya." Ta ce amin, ta yi wa mai turawa alama. Na so in tsaya har su ɓace, amma ta juyo ta harare ni, sai na gane. Na ja akwatina na juya tana gani. Na yi kuka a cikin Metro tun daga Dulles har inda ake canja layi, wata mata ta ba ni tishu ba ta tambaye ni komai ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da safe

Debbie ta turo saƙo, sun sauka lafiya. Mama ta ce shayin jirgi ruwan wanki ne. Abby ta dawo da fasfon ta ajiye mini a kan filo.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

Ta yi. Ina shif lokacin, sai da na dawo Abby ta nemo mana a kwamfutarta muka zauna a kan gado.

Ta fi ƙanƙanta a cikin zauren nan fiye da yadda take a bidiyon dā. Ta tashi da kanta, ta dafa bencin gabanta, ba takarda. Ta yi maganar garin tumaki, da kaye biyun da ta sha, aka yi dariya. Ta yi maganar kwamitinta, ta ce ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Abby ta yi tsaki.

A tsakiya ta maƙale, daidai inda ta saba. Zauren ya yi tsit. Ta ɗaga ido sama wajen benen baƙi. Na san ba kowa a wurin da ta ce in zauna. Leɓenta ya motsa, na karanta Hausar a bakinta, yatsanta ya fara bugun jar fatar bencin. Sai na ga ni ma ina bugun wuyan hannuna. Turancin ya zo.

A ƙarshe ta ce mutum biyu suka rako ta ranar da ta shiga zauren, kuma mata biyu suka rako ta har ta iya tsayawa yau. Ta farko sunanta Sailuba, ta bar ta tsaye a wata tasha tun tana yarinya, yau tana sallamar ta, ta koma gida. Ta biyun tana da rai, tana wata ƙasa, kuma ba za ta faɗi sunanta ba. Ta ce duk abin da aka faɗa a zauren nan ana rubuta shi, kuma ta san irin ma'aikatan da ke bin rubutun suna neman sunaye, don ita ta koya musu aikin. Wasu suka yi dariya, sun ɗauka raha ce. Ita ba ta yi ba. Ta zauna.

Abby ta rufe kwamfutar. Sannan ta ce, da Hausa, da wannan harshen nata mai karkata, "Mama, ke ce."

Na ce ta tashi ta mayar da bargonta kan gado, akwatin zai koma sama. Martins bai kira ba. Gobe ina da shif ɗin safe.